Wa Zai Sha Iska? Yadda Ake Hasashen Tseren Keke Daga Mazaunin Ataya a Nima

Duk watan Yuli, idan rana ta karkata, akwai wani mazaunin ataya a bayan babban titin Nima da muke cika, mu kusan goma, ido a kan talbijin ɗaya. Ba ƙwallo muke kallo ba, lokacin manyan kulob-kulob na Turai suna hutu. Tseren keken Faransa ne, Tour de France, wanda aka faro tun 1903. A wannan lokaci agogon Faransa yana gaba da namu na Gana da awa biyu, don haka zangon da ake kammalawa can wajen biyar da rabi na yamma, mu nan Akara dab da kiran la'asar yake ƙare mana. Kafin a fara, kowa yakan faɗi wanda yake ganin zai ci, ni kuma in rubuta a littafi. Babu kuɗi a ciki, ko sidi ɗaya, caca ba tamu ba ce. Maki ne kawai, sai kuma bakin magana ga wanda ya dace.

Riƙon littafin nan ya nuna mini bambanci ɗaya tsakanin sabon shiga da wanda ya daɗe. Sabon shiga tambayarsa ita ce, wa ya fi ƙarfi? Wanda ya daɗe kuwa cewa yake, yau wa zai sha iska, wato ya shiga gaba iska ta buge shi, kuma don wa zai sha ta? Duk matakan da ke ƙasa a kan wannan tambaya ta biyu aka gina su.

Mataki na ɗaya: ka fara sanin iska a jikinka

Kafin ka haddace sunan kowa, ari keke, ka samu aboki, ku fita hanyar bakin teku daga Labadi zuwa Teshi da yamma, lokacin da iskar teku ta taso. Ka shiga gaba na minti biyu, sannan ka koma bayan abokinka, tayarka ta gaba dab da tasa ta baya, ka kula kada su taɓa. Za ka ji kamar an sauke maka kaya daga ka. Wanda yake bayan mutum ɗaya yana rage kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙarfin da zai kashe, wanda kuwa ya nutse a tsakiyar mahaya fiye da ɗari, sauƙin da yake samu ya wuce haka nesa ba kusa ba. Shi ya sa za ka ga mutum yana hira yana ɓare ayaba alhali ana gudun kilomita 45 a awa, na gaba kuwa bakinsa a buɗe.

Mu a mazauninmu da kalmomin fatake muke magana, irin na kakanninmu da suka riƙa zuwa Salaga sayen goro. Babban gungun mahaya shi ne ayari. Tseren kowace rana zango ne, kuma akwai 21 a cikin mako uku. Wanda ƙungiya ta ɗora wa burinta shi ne madugu, sauran kuma barorinsa ne. Kowace ƙungiya mutum takwas take kawowa manyan tsere uku, wato na Faransa, da Giro na Italiya a watan Mayu, da Vuelta na Sifaniya a ƙarshen Agusta. A 2025 ƙungiya 23 suka shiga na Faransa, mahaya 184. Cikinsu waɗanda suka zo neman cin tseren gaba ɗaya ba su cika goma ba. Mafi yawa aikinsu tare wa wani iska, da komawa mota ɗauko gorar ruwa, da miƙa kekensu idan na madugu ya lalace. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi, sai dai a nan kurar ta san aikinta kuma albashi take ɗauka a kansa.

Mataki na biyu: karanta zanen hanya kafin ka karanta sunaye

Masu shirya tsere suna fitar da zanen kowane zango tun watanni kafin a fara, kuma kyauta yake a intanet. Layi ne mai hawa da sauka daga hagu zuwa dama. Abu uku za ka nema a jikinsa: hawa nawa ne, mai tsanani a ina yake, kuma kilomita nawa ke tsakanin ƙolin hawan ƙarshe da layin gamawa.

Ana raba hawa daraja-daraja, daga ta huɗu mai sauƙi zuwa ta ɗaya, sai kuma waɗanda aka ce sun fi ƙarfin daraja. Lambobi biyu suke tare da kowane hawa, tsawo da gangara. Alpe d'Huez, wani dutse a Faransa mai kwana 21, tsawonsa kilomita 13.8 ne, gangararsa kashi 8.1 cikin ɗari, ma'ana duk mita ɗari da ka ci gaba ka tashi sama mita takwas. Wanda ya taɓa tuƙa keke daga Ayi Mensah ya hau zuwa Peduase a hanyar Aburi ya san yadda cinya take zafi, to ka ƙaddara hawan ya ƙi ƙarewa, kuma kafin ka iso gindinsa ka riga ka haye biyu irinsa.

Lambar da mutane suka fi mantawa ita ce ta uku. Hawa mai tsanani da ke kilomita 60 kafin ƙarshe sau da yawa ba ya raba gardama, domin waɗanda aka bari a baya suna da filin haɗa kai su dawo. Ƙaramin tudu mai kilomita biyu da ke kilomita biyar kafin layi ya fi shi haɗari. Idan layin gamawa a kan ƙolin dutse yake, to ranar manya ce. Idan bayan ƙoli akwai gangarowa mai tsawo, ka fara tunanin wanda ba ya tsoron kwana. Haka Matej Mohoric ya ci Milan-San Remo, tseren yini ɗaya na Italiya, a 2022: ba a hawan Poggio, tudun ƙarshe, ya tsere musu ba, a gangarowarsa ne.

Ka duba kilomita ukun ƙarshe da kyau a ranakun shimfiɗaɗɗiyar hanya. Shatale-tale nawa ne, kwanar ƙarshe tana mita nawa kafin layi, hanyar tana ɗan tashi ko a miƙe take. Tashi kaɗan a mita ɗari biyar na ƙarshe yakan isa ya sauya mai ci.

Mataki na uku: raba mahaya gida-gida

A nan ba sai an daɗe ba. Akwai 'yan fizga, masu jiki da cinya, waɗanda suke ɓuya a ayari yini guda don daƙiƙa goma sha biyar na ƙarshe, inda gudu yake kaiwa kilomita 70 a awa. Mark Cavendish shi ne sarkinsu, zango 35 ya ci a tseren Faransa, a 2024 ya wuce 34 na Eddy Merckx. Akwai 'yan hawa, marasa nauyi, domin a kan dutse ƙarfi a kan kowane kilo na jiki ake aunawa. Akwai masu naushi, waɗanda gajeren tudu mai tsini ya fi yi wa daɗi. Akwai gwanayen tseren agogo, inda kowa yake fita shi kaɗai babu bayan wanda zai laɓe, irin su Remco Evenepoel. Sai 'yan ƙalilan da suka haɗa hawa da agogo da juriyar mako uku, irin su Tadej Pogacar na Siloveniya, wanda ya ci tseren Faransa a 2020 da 2021 da 2024 da 2025, da Jonas Vingegaard na Denmak da ya ci a 2022 da 2023.

Ka ɗauki jerin sunayen waɗanda za su fita, ka soke duk wanda zanen hanyar yau ba nasa ba ne. Daga mutum 180 za ka ga saura ashirin ko ƙasa da haka.

Mataki na huɗu: gano ƙungiyar da take da buƙatar jan ayari

Wannan shi ne zuciyar aikin, kuma a nan nake so ka fi daɗewa.

Kusan kowane zango, da an saki tuta wasu za su fizge su yi gaba. Mu 'yan ɓalle muke ce musu. Wani lokaci mutum uku, wani lokaci talatin. Tambayar yini ita ce, za a kamo su ko za su kai? Ayari ya fi su ƙarfi a kowace rana, wannan ba abin musu ba ne. Amma ayari ba mutum ɗaya ba ne, ƙungiyoyi ne fiye da ashirin, kowace tana so wata ta sha iskar. Idan babu wadda ta ga ribar sa barorinta a gaba, 'yan ɓalle sun tafi ke nan.

Saboda haka ka ɗauki takarda ka rubuta sunan kowace ƙungiya, gefensa ka rubuta abin da take so yau. A rana mai shimfiɗa, ƙungiyoyi uku ko huɗu masu manyan 'yan fizga za su ba da mutum ɗaya-ɗaya su ja, su bar tazara ta tsaya a minti biyu ko uku, kamar akuya a turke, igiya ce kawai aka sassauta. Irin wannan rana kada ka ba 'yan ɓalle ƙuri'arka. A ranar da hanya ta yi wa 'yan fizga tsauri amma ba ta kai ta raba manya ba, babu mai dalilin ja sai ƙungiyar mai rigar ɗorawa, wato mahayin da yake kan gaba idan aka haɗa lokacin dukan zanguna, ƙungiyar kuwa ba cin zango ne damuwarta ba, jimillar lokaci take tsaro. Muddin babu wanda yake kusa da madugunta a cikin waɗanda suka ɓalle, za ta bar su ko da minti goma ne. Irin wannan rana mai ci yana cikin 'yan ɓalle, kuma ta fi yawa a mako na biyu da na uku, lokacin da tazara ta buɗe a jadawali kuma barori sun gaji.

Daga nan wata dabara take fitowa wadda takan ba sababbin masu kallo mamaki. Gwanin hawa da yake so ya ci zango yakan yi sanyi da gangan a makon farko, ya bari a ba shi minti ashirin ko talatin, don kada a riƙa ganinsa a matsayin barazana. Idan ka ga gwani ya iso a baya ba tare da ya faɗi ko ya yi ciwo ba, ka sa masa alama. 'Yancin ɓallewa yake saye.

Akwai lissafin da wani tsohon mahayi ɗan Faransa, Robert Chapatte, ya yaɗa bayan ya koma sharhi a talbijin: ayarin da ya himmatu yana cin minti ɗaya a duk kilomita goma. Idan saura kilomita 40 kuma tazara minti biyu ce, an gama da su. Idan minti biyar ce, suna da rabo. Ma'auni ne na farawa, ba aya ba ce. Ka gyara shi da abu huɗu: yawan 'yan ɓallen, ko suna karɓa-karɓa da gaskiya ko wani ya fara noƙewa, iska tana gabansu ko bayansu, da faɗin hanya. Iskar gaba tana kashe 'yan ɓalle, iskar baya da ƙananan hanyoyi masu kwana suna taimakonsu.

Wani dattijo mai gyaran keke a Mamobi, wanda yake zama da mu, shi ya fara gyara mini kallo. Wata rana ina ta nuna lambar tazara a gefen allo, sai ya ce, "Ɗana, bar kallon agogo, dubi gaban ayarin. Riga iri nawa ka gani?" Na ce, "Baba, iri ɗaya ce." Ya ce, "To mutum biyu ne suke bin mutum takwas. Sauran duk fasinja ne." Ranar ba a kamo su ba. Tun daga lokacin siffar ayari nake fara dubawa. Idan ya miƙe siriri kamar zare, gudu ake da gaske. Idan ya baje ya cika faɗin titi, babu mai ja.

Ka kuma tuna da ƙananan buƙatu, domin su ma suna motsa ƙungiya. Na ɗaya da na biyu da na uku a zango ana rage musu daƙiƙa 10 da 6 da 4 daga jimillar lokacinsu, don haka idan rigar ɗorawa tana tsakanin daƙiƙa biyar, wata ƙungiya za ta ja don wannan kawai. Mai neman koriyar riga, ta wanda ya fi tara maki, yana son makin da ake rabawa a tsakiyar hanya. Mai neman riga mai ɗigon ja, ta gwanin hawa, yana son ƙolin duwatsu. Ranar 14 ga Yuli, ranar bikin ƙasar Faransa, 'yan ƙasar sukan cika ɓalle. Ƙungiyar da aka shiga mako na uku ba ta ci komai ba takan yi abin da hankali bai ɗauka ba.

Mataki na biyar: ƙidaya kawuna

Idan tsere ya kai inda ake yinsa, daina kallon fuskar madugu, ka ƙirga mutanen da suka rage masa. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi, kuma babu inda na ga haka ƙarara kamar zango na 11 na tseren Faransa a 2022. Pogacar yana sanye da rigar ɗorawa, kowa yana ganin babu mai taɓa shi. Ƙungiyar Jumbo-Visma tana da madugu biyu, Vingegaard da Primoz Roglic. Tun kafin hawan Galibier suka fara kai masa hari bi da bi, wannan ya fizga, ya bi shi, da ya kamo sai ɗayan ya fizga. Kowane hari shi kaɗai yake amsawa, su kuwa suna hutawa a bayansa. Da aka zo hawan ƙarshe, Col du Granon, mai ya ƙare. Ya rasa kusan minti uku da rigar gaba ɗaya. Wanda ya ƙirga kawuna tun a Galibier ya ga abin yana tahowa.

Dabara ta biyu ita ce tura ɗan aike. Idan ka ga ƙungiyar da take neman jimillar lokaci ta sa ƙaƙƙarfan baranta cikin 'yan ɓalle a ranar duwatsu, ba cin zango take nema ba. Tasha ta kafa a gaba. Madugu zai kai hari daga nesa, ɗan aiken ya tsaya ya jira shi, ya ja shi a kwarin da ke tsakanin duwatsu inda iska take cin mutum ɗaya. A Giro na 2025, zango na 20, Simon Yates yana na uku, Isaac del Toro na Meziko yana da rigar jagora, Richard Carapaz yana na biyu. Yates ya tsere a hawan Finestre, dutsen da a kansa ya rasa wannan tsere a 2018. A bayan ƙoli Wout van Aert yana jiransa. Su kuwa biyun da aka bari suka tsaya kallon-kallo, kowa yana cewa ɗayan ya ja, har tazara ta zama mintuna. Yates ya ci Giro. A ganina wannan zango ya isa makaranta: abin da ya ba shi nasara rabi ƙafarsa ce, rabi kuma lissafin mutum biyu da kowannensu ya gwammace ya rasa da ya ja abokin hamayyarsa.

Sai dai yawa ba ya aiki da kansa. A tseren Omloop Het Nieuwsblad na Beljiyam a 2015, mutum huɗu suka rage a gaba, uku 'yan ƙungiya ɗaya, har da Tom Boonen, na huɗun Ian Stannard shi kaɗai. Da yake su uku ne, su suka sha iskar, shi yana laɓe a baya yana tara ƙarfi. Da suka fara kai hari ya kamo su ɗaya bayan ɗaya, ya doke Niki Terpstra a layi. Don haka bayan ka ƙirga kawuna, ka tambayi kanka wane kai ne ya huta.

A ƙaramin gungu mai zuwa layi, ƙa'idar da nake bi ita ce: wanda kowa ya san ya fi sauri shi ne ya fi shiga matsala, domin babu mai son kai shi layi. Za a riƙa fizga ana barinsa ya kamo. Sau da yawa na biyu ko na uku a sauri shi yake ci.

Mataki na shida: duba sama

Da safe ka duba hasashen yanayin garin da za a gama, musamman inda iska take fitowa. Iskar gefe a fili marar itatuwa ita ce abin tsoro. Idan tana bugowa daga hagu, mafaka tana komawa dama da bayan na gabanka, sai mahaya su jeru a karkace. Faɗin titi mutum goma sha wani abu ne kawai yake ɗauka, wanda bai samu gurbi ba yana cikin iska tsirara, nan take ayari ya tsinke gida uku ko huɗu. A tseren Faransa na 2013, a hanyar Saint-Amand-Montrond, Alejandro Valverde ya samu matsalar taya a daidai irin wannan lokaci, ya rasa kusan minti goma a zangon da a takarda babu komai cikinsa. Ƙungiyoyin Beljiyam da Holan, waɗanda suka tashi cikin irin wannan iska, su ake ba ƙuri'a a ranar.

Ruwan sama yana ƙara wa masu ƙarfin hali a gangarowa daraja. Akwai kuma dokar da ta ce wanda ya faɗi ko kekensa ya lalace a kilomita ukun ƙarshe na shimfiɗaɗɗen zango za a ba shi lokacin gungun da yake ciki, kuma a 'yan shekarun nan akan faɗaɗa ta zuwa kilomita biyar a wasu zanguna. Ba ta aiki a zangon da yake ƙarewa a kan dutse.

Mataki na bakwai: auna lafiyar yau, ba sunan bara ba

Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Kafin tseren Faransa ka bi sakamakon gajerun tseren share fage na Faransa da Suwizalan a watan Yuni. Shafin ProCyclingStats yana da tarihin kowane mahayi, tsere bayan tsere. Amma cikin tseren kansa idonka ya fi kowane shafi. Wanda ya faɗi jiya, ko da ya tashi ya gama, yau jikinsa zai gaya masa, domin ciwon kwalta yana hana barci. Washegarin ranar hutu wasu ƙafarsu takan yi nauyi. Madugun da ka gani a wutsiyar gungu tun a hawan farko, ko ya buɗe zif ɗin riga har ƙasa yana jujjuya kafaɗa, akwai magana. Sama da mita 2,000, a wurare irin su Galibier da Col de la Loze, numfashi yana ƙaranci, kuma ba kowane gwani yake jure shi daidai ba.

Kada kuma ka rufe littafi muddin akwai tseren agogo a gaba. A tseren Faransa na 1989 Greg LeMond ya shiga ranar ƙarshe yana bayan Laurent Fignon da daƙiƙa 50, ya ci tseren da daƙiƙa 8. A 2020 Roglic yana gaba da daƙiƙa 57 saura kwana biyu, Pogacar ya juye lissafin a La Planche des Belles Filles.

Mataki na takwas: rubuta, da dalili

Ga yadda muke yi, kana iya ɗauka ko ka gyara. Kafin a saki tuta kowa zai fara faɗin labarin zangon a jimla ɗaya: ɓalle za ta kai, ko fizgar ayari, ko faɗan manya. Wannan maki biyu ne. Sannan sunaye uku: wanda hankali ya ba ka, wanda zai ci idan labarin ya juya, da wani na nesa da ba a zato. Na farko idan ya ci maki uku, na biyu maki biyu, na nesa maki biyar. A ƙarƙashi dole ka rubuta dalili, ko da kalma biyar ce. Dalilin shi ne abin da ya fi amfani, domin da yamma za ka koma ka ga a ina ka kauce: hanya ka karanta ba daidai ba, ko ƙungiyar da ka zata za ta ja ce ta ƙi, ko kuwa faɗuwa ce da babu mai iya hangowa. Na farko da na biyu ana gyara su. Na uku a bar wa Allah.

Wani abu kuma da ba zan ɓoye ba, zuciya tana da nata zaɓin. A 2024, ranar da Biniam Girmay na Iritiriya ya ci zango na uku a Turin, mazauninmu ya tashi tsaye har ataya ta zube, maƙwabta suka leƙo suna tambaya ko Black Stars ce ta ci. Ya ƙara biyu a wannan shekara, ya kuma tafi gida da koriyar riga, baƙar fatan Afirka na farko da ya yi haka. Tun daga lokacin akwai ƙanenmu da kullum sunansa yake rubutawa, ko da ranar duwatsu ce. Abin da na ce masa shi ne, ƙanena, ka so shi da dukan zuciyarka, amma ka ba shi ƙuri'a ranar da hanya tasa ce: fizga mai ɗan tashi, bayan tudun da ya gajiyar da masu nauyi. Bayan irin waɗannan tuddai ne ya ci tseren Gent-Wevelgem na Beljiyam a 2022. Sanin ranar mutum ma ƙauna ce. Da aka kawo gasar duniya Kigali a Satumban 2025, karo na farko a Afirka, hanyar duk hawa ce, kuma wanda ya karanta zanen ya san sunan da zai rubuta: Pogacar ne ya ci.

Tseren yini ɗaya

Matakan nan duk suna aiki a tseren yini ɗaya, da bambanci guda: babu gobe, don haka babu mai ajiye ƙarfi kuma babu ƙungiyar da za ta ce jimillar lokaci take tsaro. A Paris-Roubaix, mai kusan kilomita 55 na daɓen duwatsu, nauyi da iya riƙe keke da sa'ar taya suke magana, kuma Mathieu van der Poel ya ci sau uku a jere daga 2023 zuwa 2025. A can shiga ɓalle da wuri ba wauta ba ce, Mathew Hayman daga cikinta ya fito ya doke Boonen a 2016. A gasar Olamfik kuwa babu rediyo a kunnen mahaya, ƙungiyoyi kuma ƙanana ne. A Tokiyo, Anna Kiesenhofer ta Ostiriya ta ɓalle tun daga farko, na baya suka rikice a ƙidaya, har Annemiek van Vleuten ta ɗaga hannu a layi tana zaton ita ta ci alhali ta biyu ta zo.

Idan kana so ka gwada hannunka kafin Yuli, fara da Milan-San Remo a watan Maris. Kusan kilomita 300 ne, amma tambaya ɗaya ce a cikinsa: wace ƙungiya za ta ƙona barorinta a hawan Cipressa don ta zubar da 'yan fizga, kuma mutum nawa za su rage tare a ƙolin Poggio. Rubuta lambar da kake zato da sunayenka uku tun da safe, ka ba wani ya riƙe maka takardar.